Gargaɗi ga mutanen Zangon Kumasi: a ƙirga maki kafin a biya kuɗin Kanada

Jama'ar Zango, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango da Akwatia Line har Sawaba da Tafo, wannan saƙo na gaggawa ne. Duk wanda aka ce masa ya kawo kuɗi za a samo masa takardar zaman dindindin a Kanada ko Ostareliya, ya dakata, kada ya tura ko kwabo. Wanda ya riga ya biya kashi na farko, kada ya biya na biyu. Wanda fasfonsa ke hannun wani ɗan koneshan, ya je ya karɓo abinsa yau, kada ya bari sai gobe.

Abin ya shigo gidanmu ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wata ƙanwata, wadda ta fi shekara ashirin tana tashi tun kafin asuba ta dafa shinkafa da wake ta fitar bakin titi, ta shigo wurina bayan sallar isha'i da baƙar leda a hammata. Ɗanta na biye da ita, kansa a sunkuye. Yaron makanike ne na wutar mota a Suame Magazine, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce hannunsa ba shi da kyau ba. Ta zazzage ledar a kan tabarma. Akwai wasiƙa mai ganyen nan ja na tutar Kanada a samanta, da hatimi, da sunan yaron an buga shi da manyan baƙaƙe, da wani layi da ke cewa ya ci maki ɗari shida da 'yan kai. Ta buɗe wayarta ta nuna mini saƙonnin MoMo guda uku, duk zuwa lambar mutum ɗaya. Na farko adashinta ne da ta kwasa. Na biyu atamfofin da take tarawa na auren 'yarta ne ta sayar. Na uku rance ne.

Ta ce, "Yaya, duba mini. Mako uku ke nan wayarsa a kashe."

Na juya wurin yaron na ce, "Ka zauna jarrabawar Turanci?"

Ya ce, "A'a, Kawu. Ya ce su za su shirya wannan."

Ban ƙara duba sauran takardun ba. Wannan amsa kaɗai ta isa, domin a tsarin da ake magana a kai, wanda bai zauna jarrabawar harshe ba, ko sunansa ba zai iya shigarwa ba, balle a ba shi maki.

Ga yadda abin yake. Kanada ta fara auna masu son ƙaura da maki tun 1967, kuma a Janairun 2015 ta buɗe tsarin da ake kira Express Entry, wanda shi ne sunan da 'yan koneshan ke rubutawa a allunansu da shafukansu na Facebook da TikTok. Mutum ne da kansa zai shiga shafin gwamnati, canada.ca, ya cika bayanansa. Shigar da suna kyauta ne. Kwamfuta ta lissafa masa maki bisa shekarunsa, da iliminsa, da ƙarfinsa a Turanci ko Faransanci, da shekarun da ya yi yana aiki. Iyakar makin 1,200 ne. Daga nan sai ya shiga sahun masu jira. Lokaci lokaci gwamnati ta ja layi, ta gayyaci waɗanda ke sama da layin. Duk wanda ɗansa ya nemi shiga jami'ar KNUST ya san yadda ake yanke makin shiga likitanci, to kusan haka ne, sai dai a nan mai maki da yawa ne ke gaba. Wanda aka gayyata yana da kwana 60 ya kawo shaidar duk abin da ya faɗa. Wanda ba a gayyata ba cikin wata 12, sunansa ya faɗi, sai ya sake sabon lale.

A duk wannan tafiya babu inda aka bar ƙofar da wani zai ce yana da mutum a ciki. Ba caca ba ce irin ta bizar Amurka da muka saba cikawa a shagunan intanet na Adum. Ba kuma kujerar Makka ba ce da ake iya samu ta hannun wani babba. Lissafi ne, kuma kowa na iya yin nasa a wayarsa, domin akwai abin lissafa makin a shafin gwamnatin, shi ma kyauta.

Bari mu yi lissafin tare, don a ga inda ƙaryar take. Saurayi mara aure mai shekara 20 zuwa 29 yana samun maki 110 na shekaru. Daga 30 makin ke fara zubewa: mai shekara 35 yana da 77, mai 40 yana da 50, mai 45 ba shi da ko ɗaya. Digirin farko maki 120 ne, digiri na biyu 135, takardar sakandare kuwa 30. Kuma digirin ba ya shiga lissafi sai wata hukumar da Kanada ta amince da ita, irin WES, ta tantance shi, galibi ta hanyar karɓar sakamakon kai tsaye daga makarantar da ta bayar. Sai harshe. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa daga ƙwararren ma'aikaci shi ne 6 a kowane ɗaya daga sassa huɗu na jarrabawar IELTS, wato ji, da magana, da karatu, da rubutu, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu. To, ɗauki matashi ɗan shekara 28, mai digiri, wanda ya yi shekara uku yana aikin da ya karanta, ya kuma ci 6 a kowane sashe. Makinsa 336 ne. In ya dage ya ci 8 a sashen ji da 7 a sauran, abin da ba kowane malamin Turanci ne zai ci ba, makinsa ya tashi zuwa 429. A farkon 2024, duk lokacin da aka yi gayyatar kowa da kowa, layin yana sama da 500.

A sake karanta wannan. Mai digiri, matashi, mai Turanci kamar ruwa, bai kai layin ba. To ina ga ɗan ƙanwata, da ya bar makaranta a ƙaramar sakandare ya shiga koyon sana'a? Maki ɗari shida da aka rubuta masa, mai shagon buga takardu ne ya ba shi.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Zango cike yake da gwanaye. Akwai mai walda a Magazine da zai haɗa maka bodin babbar mota daga tsabar ƙarfe. Akwai kafintoci a Sokoban, da teloli, da magina, da masu gyaran firji, waɗanda aikinsu ba ya jin kunyar na kowa a duniya. Ɗan koneshan ya san haka, shi ya sa yake cewa, "Ai masu sana'ar hannu suke nema." Rabin gaskiya ya faɗa. Kanada tana da sashe na masu sana'ar hannu, kuma tun 2023 takan yi gayyata ta musamman ga wasu sana'o'i, har da aikin lafiya da aikin gini. Abin da ba ya faɗa shi ne sharuɗɗan: shekara biyu na cikakken aiki a sana'ar cikin shekara biyar da suka wuce, da shaidar da za a iya bincika, da jarrabawar harshe, sannan ko dai takardar ɗaukar aiki ta gaskiya ta akalla shekara ɗaya daga wani kamfani a can, ko kuma takardar ƙwarewa da wata hukumar Kanada ta bayar. Yawancin yaranmu a gaban maigida suka koyi sana'a, aka yi walimar yaye su, aka sa musu albarka. Ba takardar albashi, ba rasit na haraji, ba wasiƙar ɗaukar aiki. Gwanintar tana hannu, tsarin kuwa takarda yake karantawa.

Sai ɗan koneshan ya ce wannan ba matsala ba ce, zai haɗa takardun. A nan asarar kuɗi ke zama ƙaramin abu. Dokar shige da fice ta Kanada ta ce duk wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya ko takardar jabu, za a hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Ba a tambayar wa ya buga takardar. Sunanka ne a kai, kai ne mai laifi, ko da ba ka taɓa ganin abin da aka tura ba. Kuma an ɗauki hoton yatsunka, sannan Kanada tana musayar irin wannan bayani da Amurka da Ingila da Ostareliya da New Zealand. Ko bayan an ba mutum takardar zama, in asiri ya tonu daga baya, ana iya ƙwace ta. A 2023 ɗalibai 'yan Indiya da dama sun fuskanci kora daga Kanada bayan shekaru da zuwansu, saboda an gano wasiƙun shiga makaranta da wani dillali ya haɗa musu tun a gida na jabu ne. Da yawansu sun ce ba su sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a wannan harka wanda ya haƙa ramin yana nan yana shan iska, wanda ya biya kuɗi ne ke faɗawa.

Haka zancen kuɗin nuni. Ana buƙatar mai nema ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa in ya sauka, kuma a 2025 adadin ya haura dalar Kanada 15,000 ga mutum ɗaya. Ba a yarda da rance ba, kuma wasiƙar banki sai ta nuna matsakaicin abin da ke cikin asusun na wata shida. Masu zuba maka kuɗi a asusu na kwana uku su kwashe, su karɓi ladansu, igiya suke saka maka a wuya.

Akwai kuma masu sayar da takardar ɗaukar aiki, suna cewa ita ce za ta ɗaga maka maki. A da takan ƙara maki 50, wani lokaci 200. Saboda cinikinta ya yi yawa, gwamnatin Kanada ta soke wannan ƙarin daga 25 ga Maris 2025. Duk wanda ke tallar ta yau da sunan ƙarin maki, mushe yake sayarwa. Takardar da ake kira LMIA kuma, wadda ke ba kamfani damar ɗauko ma'aikaci daga waje, kamfanin da ke neman ma'aikaci ne ke nemanta ya biya kuɗinta, kuma haramun ne a dokarsu ya ɗora wa ma'aikaci. Masu cewa ka tafi da bizar ziyara in ka sauka a juya ta ta zama ta aiki, su ma labarinsu ya tsufa: an rufe wannan rangwame a ƙarshen Agustan 2024. Ƙofar gaba ɗaya ma ƙara tsukewa take yi. A Oktoban 2024 Kanada ta rage yawan waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 da ta tsara zuwa 395,000. Lokacin da ƙasar ke rage kujeru, a lokacin ne tallar kujeru ta fi yawa a unguwanninmu. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Iyaye mata, ku saurari wannan da kyau, don ku ne ake nuna wa hotuna. A Afrilun 2025 hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta ba da sanarwar ceto mutum 33 a ƙasar Kodebuwa, 'yan Ghana da Togo da Benin da Burkina Faso. An yi musu alkawarin aiki a Kanada, wasu sun biya har dala 9,000. Abidjan aka kai su aka tsare. Ana ɗaukarsu a kai su manyan otal da wuraren cin abinci masu tsada a yi musu hoto, don 'yan gida su ɗauka sun isa, sannan a tilasta musu su jawo 'yan uwa da abokai su ma su biya. Wani uba ɗan Ghana da 'ya'yansa biyu ke ciki ne ya kai ƙara, daga nan bincike ya tashi. Saboda haka in aka ce miki ɗan maƙwabciyarki ya tafi ta hannun wannan mutum, ga hotonsa cikin rigar sanyi, hoton ba shaida ba ne. In aka ce yaro zai fara zuwa Abidjan ko Lome ko Legas a can za a buga masa biza, kada ya taka ko tashar mota. Ofishin jakadancin Kanada yana Akra, wurin ɗaukar hoton yatsu yana Akra, likitocin da aka amince su yi gwajin lafiya suna cikin ƙasar nan.

Na Ingila da Ostareliya ba zan tsawaita ba. Ostareliya tana son maki 65 mafi ƙaranci, da shekaru ƙasa da 45, da tantance sana'a daga hukumarsu, kuma cika 65 ɗin ba ya nufin za a gayyace ka. Ingila tana ƙirga maki 70, amma sai wani kamfani mai lasisi ya ɗauke ka aiki, kuma bizar ba ta zaman dindindin ba ce, sai an yi shekaru ana aiki kafin a nemi wannan. Aikin kula da tsofaffi da 'yan matanmu suka yi ta sayar da kadara dominsa, an rufe ɗaukar sababbin ma'aikatansa daga ƙasashen waje tun 22 ga Yulin 2025. Kafin nan gwamnatin Ingila ta ƙwace lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, mutane dubbai suka tsinci kansu a can babu aikin da suka biya kuɗi dominsa.

Wani zai ce, to duk mai taimaka wa mutum da cike takarda ɓarawo ne? A'a. Amma dokar Kanada ta fayyace wanda ya halatta ya karɓi kuɗinka don ya ba ka shawara ko ya wakilce ka: lauya mai rajista a ƙungiyar lauyoyin wani lardi na Kanada, ko notare na Quebec, ko mai ba da shawara da ke da lasisin hukumar da ake kira CICC. Hukumar tana da rajista a intanet da kowa zai iya dubawa. Ka nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka duba da idonka, ka kuma rubuta wa adireshin da ke cikin rajistar, domin akwai masu aron sunan mai lasisi. Takardar rajistar kamfani ta Ghana da ya rataye a bango ba ta ba shi wannan iko ba. Ko lasisin Sashen Ƙwadago na masu samar wa mutane aiki, wanda dokar ƙwadago ta 2003 ta wajabta, abu ne daban. Wakili na gaskiya zai sa ka sa hannu a takardar wakilci mai lamba IMM 5476, zai nuna maka duk abin da ya tura da sunanka, kuma ba zai taɓa cewa ya ba ka tabbaci ba. Kuɗin gwamnati, wanda a 2024 ya kama dalar Kanada 1,525 ga babba ɗaya, bayan gayyata ake biyansa, a shafin gwamnati. Ofishin jakadancin Kanada ba ya karɓar kuɗi ta MoMo, ba ya kuma aiko da saƙo ta WhatsApp ko daga adireshin Gmail.

Ni ban ga laifin mai son tafiya ba. Da kakanninmu ba su bar Kano da Katsina da Sakkwato sun bi hanyar goro zuwa Salaga ba, da babu Zangon da muke ciki. Kuma borga, 'yan uwanmu da suka tafi ƙasashen waje suka gina benaye a Asokore Mampong, ba ƙarya ba ne, muna ganinsu duk sallah. Sai dai mu, fiye da kowa a ƙasar nan, ya kamata mu san nauyin takarda. Dattawanmu suna nan da ransu waɗanda suka ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, aka ga mutanen da aka haifa a Kumasi suna sayar da gida a kan kuɗin mota. Jikan wanda ya ga wannan bai kamata ya ɗauki takardar bogi ya ƙetare teku da ita ba.

Ga masu ilimin da lissafinsu ya kusa, akwai hanyoyi na halal, sai dai suna cin lokaci. In wani lardi na Kanada ya zaɓe ka, maki 600 ake ƙara maka, amma lardin ne ke zaɓa bisa buƙatarsa, ba a sayensa. Ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan lafiya suna da gayyatarsu daban. Sai wata ƙofa da nake mamakin yadda muka yi sakaci da ita, wato Faransanci. Ana yin gayyata ta musamman ga masu ƙarfi a harshen, kuma a 2024 layinta ya sha sauka ƙasa da 400, ban da ƙarin maki har 50 ga mai Faransanci da Turanci tare. Gida nawa ne a Zango ba su da ɗan da ya yi karatu a Yamai ko Wagadugu ko Lome? Alliance Française tana nan cikin Kumasi. Kuɗin da ƙanwata ta tura wa mutumin nan ya ishi yaro ya yi shekara biyu yana koyon harshe, ya zauna jarrabawa, ya kuma nemi takardar gwajin sana'a, wadda ko bai je ko'ina ba za ta yi masa amfani a nan. Ƙa'idojin nan suna sauyawa kusan duk shekara, don haka a duba shafin gwamnatin a ranar da za a yanke shawara.

Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, tun daga Babban Masallacin Kumasi har masallatan lungu. Ina roƙon sarakunan Zango da magajiyoyi su faɗe shi a wurin suna da aure, masu shirye-shiryen Hausa a rediyo kuma su tambayi lambar lasisi kafin su karɓi tallar kowane mai kai mutane waje. Samarin da ke zaman shan ataya, ku ne kuka iya waya: in abokinku ya zo da labarin koneshan, ku buɗe shafin ku ƙirga masa makinsa a gabansa. Minti goma ya isa.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru, don shirun nan ne jarin ɓarawon. Kada a goge saƙonnin MoMo da na WhatsApp, a ɗauki hotonsu, a ajiye kowace takarda. A kai ƙara sashen binciken laifuka na 'yan sanda ko hukumar EOCO. In ta intanet aka yi cinikin, a kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. A sanar da kamfanin wayar da aka tura kuɗin ta hanyarsa tun da wuri. In fasfo ya salwanta a hannunsa, a kai rahoto, domin ba a san wanda zai yi amfani da shi ba. In kuma wani ya kira ya ce zai karɓo maka kuɗinka in ka ba shi na mai, kashe wayar, sau da yawa su ɗin ne suka sake murya.

Mu mun kai tamu ƙarar washegarin ranar da ƙanwata ta zo. Da muka biya ta ofishin mutumin, a saman wani bene, mun tarar an cire allon, wata yarinya tana jera rigunan waya a inda teburinsa yake. A wurin 'yan sanda muka samu mutum huɗu a kan benci, kowa da irin ledarmu, kuma lambar da ke kan wasiƙar ɗayansu ita ce daidai lambar da ke kan ta ɗan ƙanwata. Fasfon yaron har yau ba mu gan shi ba.